Tsakanin Hoto da Ƙashi: Batun Saitin Gaɓoɓi a Yoga ta Zamani

A duk inda ake koyar da yoga a yau, ko a Pune ta ƙasar Indiya, ko a Landan, ko a biranen Amurka, akwai wasu umarce-umarce da kunne ba ya rasa ji. Malami zai ce a jera ƙafafu su kalli gaba sak, kada ɗaya ta karkace. Zai ce kada gwiwa ta wuce idon sawu, a juyo da ƙugu ya fuskanci bango, a sauke kafaɗu nesa da kunnuwa. Ɗalibai ashirin ko talatin, kowa a kan ƴar shimfiɗarsa ta roba, suna ta faman mayar da jikinsu siffa guda. Wannan shi ne abin da masu harkar suke kira daidaita gaɓoɓi, ko kuma saiti, in an ari kalmar bakin makanikai, waɗanda kan ce mota ta rasa saiti idan ƙafafunta suka daina tafiya a kan layi ɗaya. Aron ya dace, domin tunanin iri ɗaya ne: kowace gaɓa tana da matsayi guda da ya kamata ta tsaya, in ta kauce masa sai ta ci kanta yadda taya ke cin gefe.

Tunanin yana da amfaninsa, kuma babu shakka ya tsirar da gwiwoyi da wuyoyi masu yawa. Sai dai an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Motocin kamfani ɗaya daga awo ɗaya suka fito, ƙasusuwan ƴan Adam kuwa ko na ƴan ciki ɗaya ba sa zama daidai. Saitin da aka mayar doka, ana zartar da shi a kan kowa ba tare da duban ƙashin da ke ƙarƙashin fata ba, yana iya jawo raunin nan da aka ce domin gudunsa aka kafa shi. Maganar ta shafi yoga ta motsa jiki ce kawai, wadda ake yi a ɗakunan atisaye. Abin da ya danganci tushenta a addinan Indiya fage ne na daban.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne saiti sabon abu ne, duk da rigar tsufa da ake yafa masa. Littafin Patanjali mai suna Yoga Sutra, wanda aka tattara fiye da shekara 1,500 da suka wuce, yana ɗauke da gajerun jimloli kusan 195. Uku kacal a cikinsu suka yi bayani a kan asana, kalmar da asalin ma'anarta zama ne, kuma ba su ambaci sunan ko da siffa ɗaya ba. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya bayyana asana 15, babu ta tsaye ko ɗaya a cikinsu. Daga baya adadin ya ƙaru, har wani rubutu na ƙarni na 18, Hathabhyasapaddhati, ya kawo 112. Amma bayanin kowace siffa a waɗannan littattafai bai wuce layi kaɗan ba: a sa diddige a nan, a kama babban yatsa a can. Maganar kusurwa da digiri da layin da ya ratsa daga diddige zuwa tsakiyar tafin ƙafa duk ba ta zo ba tukuna.

Yogar da duniya ta sani yau a ƙarni na 20 aka ƙera ta, kuma babbar maƙerarta ita ce fadar Maisur a kudancin Indiya. A can Tirumalai Krishnamacharya (1888-1989) ya koyar daga farkon shekarun 1930 zuwa wajen 1950, a makarantar da sarkin Maisur, Krishnaraja Wodeyar na huɗu, ya buɗe masa. A wannan zamani wasannin motsa jiki na Turai, musamman tsarin Siwidin da na Danmak, sun riga sun shiga makarantu da barikokin soja na Indiya ta hannun Turawan Ingila. Masanin tarihi Mark Singleton, a littafinsa Yoga Body na 2010, ya nuna kamannin da ke tsakanin siffofin tsaye na yoga ta zamani da atisayen wani malami ɗan Danmak, Niels Bukh. Masana suna jayayya a kan yawan abin da aka aro da yawan abin da aka gada. Abin da babu jayayya a kansa shi ne yawancin ɗaliban Maisur yara maza ne da samari, waɗanda suka tashi suna zama a ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a kan ɗanyen icce aka gwada waɗannan siffofi tun farko.

Cikin yaran nan akwai ƙanen matar malamin, B.K.S. Iyengar (1918-2014), yaro mai yawan laulayi, wanda zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka suka rame shi. Shi da kansa ya ba da labarin yadda malaminsa ya umarce shi wata rana, a gaban baƙi, ya ware ƙafafunsa ɗaya gaba ɗaya baya har ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa koya ba. Ya yi biyayya, tsokar bayan cinyarsa ta yage, ya daɗe bai warke ba. A 1937 aka tura shi Pune ya koyar, yana ɗan shekara goma sha takwas, kuma a can, nesa da malaminsa, ya mayar da jikinsa ɗakin gwaji. Ya riƙa bin kowace siffa gaɓa-gaɓa, yana lura da inda nauyi ya sauka da inda fata ta ja. Haɗuwarsa da shahararren mai goge Yehudi Menuhin a 1952 ta buɗe masa ƙofar Turai. A 1966 ya fitar da Light on Yoga, mai asana wajen 200 da hotuna wajen 600, inda aka ba kowace siffa lambar wahalarta daga 1 zuwa 60. Daga wannan littafi, da kuma cibiyar da ya buɗe a Pune a 1975, harshen saiti ya bazu har ya shiga makarantun da ba su da alaƙa da sunansa.

Ya kamata a yi wa Iyengar adalci. Mutum ne da ya san zafin rauni, kuma ya ƙirƙiri tsarinsa ne domin raunana da tsofaffi da marasa lafiya su sami shiga. Matsalar ta taso ne daga hoton. Siffofin da ke cikin littafin jikin mutum ɗaya ne, mai ƙirar ƙashi tasa, bayan shekara talatin yana atisaye na sa'o'i a kullum. Baiti yana barin sarari ga mai karatu, hoto kuwa ba ya bari. Da mujallu suka zo, sannan Instagram ya biyo baya, sai hoto ya zama alƙali, kowa yana auna kansa da shi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma a nan maganar ta faɗo daidai wurinta, domin a katarar ne rigimar ta fi tsanani.

Kwatangwalo mahaɗa ce tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙugu. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune cikin wani kwarmi a gefen ƙugu, kuma wani guringuntsi ya kewaye bakin kwarmin kamar leɓe. Tsakanin ƙwallon da doguwar sandar ƙashin akwai wuya, wanda ya karkata. A littattafan ilimin ƙirar jiki ana cewa kusurwar wannan wuya wajen digiri 125 ce, amma wannan matsakaici ne kawai: daga 120 zuwa 135 duk lafiyayyu ne. Bayan haka wuyan yana da murɗiya zuwa gaba. Jariri yana zuwa duniya da murɗiyar digiri 30 zuwa 40, tana raguwa yana girma har ta tsaya wajen 15 a jikin babba. A wani mutum takan tsaya a sama da haka nesa, a wani ta sauka kusa da sifili, a wani ma ta koma baya. Shi ma kwarmin haka: na wani mai zurfi ne, na wani bai kai ba, na wani yana kallon gaba, na wani gefe. Ko a jikin mutum ɗaya, hagu da dama ba lalle su yi daidai ba.

Ma'anar wannan a kan shimfiɗa a fili take. Wanda murɗiyar ƙashinsa kaɗan ce yana buɗe cinyoyinsa waje cikin sauƙi, ya harɗe ƙafafu gwiwoyinsa na taɓa ƙasa tun ranar farko, malami ya yaba masa a kan abin da bai yi wahalarsa ba. Wanda murɗiyarsa mai yawa ce zai shekara goma gwiwoyinsa na sama, ana ce masa bai dage ba, ko kuma wai damuwa ce ya tara a ƙugu. Malamin yoga ɗan Amurka Paul Grilley ya yi suna ne da jera ƙasusuwan mutane daban-daban a gaban ɗalibai domin su ga bambancin da idonsu, kuma ya koyar da wata rarrabewa mai sauƙi wadda ta fi dogayen ƙa'idoji amfani. Idan motsi ya tsaya, abu biyu ne ke tsayar da shi. Ko dai tsoka da jijiya sun miƙe iya miƙewarsu, a nan mutum yakan ji ja a ɓangaren da ke buɗewa. Ko kuma ƙashi ya ci karo da ƙashi, ko ya matse naman da ke tsakani, a nan yakan ji tokari ko mintsini a ɓangaren da ke rufewa. Na farko yana sassautawa da haƙuri da maimaici. Na biyu ba ya jin lallashi, kuma wanda ya matsa masa leɓen guringuntsin nan yake niƙawa a hankali.

Idan kwatangwalo ya ƙi, gwiwa ce ke biyan bashi. Ita gwiwa aikinta kamar na ƙyauren ƙofa ne, ta buɗe ta rufe, murɗawar da take iya yi kaɗan ce ƙwarai. A tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai matasai biyu na guringuntsi masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Shahararren zaman nan padmasana, inda ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya gefen, yana buƙatar cinya ta juya waje sosai daga kwatangwalo. In juyawar ta ƙare kafin ƙafa ta isa wurinta, ɗalibi ya sa hannu ya jawo ta da ƙarfi, ƙwauri ya zama sandar banƙara, ƙarfin ya sauka a cikin gwiwa ya matse matashin ciki. Tsakiyar wannan matashi ba ta samun jini sosai, saboda haka in ta yage ba ta cika haɗewa da kanta ba, sau da yawa sai an kai ga aikin tiyata. A hoto kuwa zaman zai fito daidai, babu abin da ido zai kama.

Akwai kuma tarihin jiki, wato abin da mutum ya saba tun yana yaro. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masana ƙirar jiki suka lura da wasu ƴan alamu a ƙasusuwan idon sawu na mutanen Indiya masu yawan tsugunno, inda ƙashi ya saba goga ƙashi har ya yi santsi. Mai karatun da ya tashi a kan tabarma, yana cin tuwo a tsugune ko a harɗe, ya san wannan ba tare da littafi ba: dattijuwa mai shekara saba'in tana tsugune a gaban murhu diddigenta a ƙasa, alhali ma'aikacin ofis a Turai mai shekara talatin in ya gwada sai ya faɗi ta baya. An ɗauko siffofin da suka tsiro a cikin masu zaman ƙasa an kai wa masu zaman kujera, aka haɗa su da ma'auni ɗaya.

Wannan tsugunno shi ne kuma ke tona asirin ɗaya daga cikin dokokin da aka fi maimaitawa, cewa gwiwa kada ta wuce yatsun ƙafa. Duk mai tsugunno gwiwarsa na yin gaba, haka duk mai saukowa daga matakala. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 a kan masu ɗaga ƙarfe ya nuna cewa hana gwiwa wucewa yana rage mata nauyi kaɗan, amma yana ninka nauyin da ke kan kwatangwalo ninki mai yawa, yana kuma tilasta wa gangar jiki sunkuyawa gaba. Nauyi ba ya ɓacewa, wuri yake sakewa. Ga mai ciwon gwiwa dokar shawara ce mai kyau, ga mai ciwon kwankwaso tana iya zama akasin haka. Haka ma dokar jera ƙafafu sak: ƙashin ƙwauri shi ma yana da tasa murɗiyar, mutane da yawa in suka miƙar da tafin ƙafa gaba sai gwiwoyinsu su kalli juna.

Kada a ɗauka cewa duk ƙa'idojin saiti tatsuniya ne. Akwai inda suke tsaye a kan gaskiyar ƙirar jiki, kuma wuya shi ne babban misali. Ƙasusuwan wuya guda 7 su ne mafi ƙanƙanta a cikin masu motsi na gadon baya, an yi su ne domin ɗaukar kai mai nauyin kilo biyar ko kusa da haka, kuma wasu jijiyoyin jini biyu masu zuwa ƙwaƙwalwa suna ratsawa ta ƴan ramukan da ke gefensu. A siffar da ake kira sarvangasana mutum yana kwanciya rigingine ya ɗaga jikinsa duka sama ya tsaya a kan kafaɗu, haɓa na danne ƙirji. In an yi ta a ƙasa tsura da jiki a miƙe, wuya yana kusantar lanƙwasar digiri 90, abin da wuyan yawancin mutane ba ya kaiwa. Tun shekarun 1970 mujallun likitoci suka kawo rahoton ɗaiɗaikun mutanen da suka sami shanyewar ɓarin jiki bayan irin wannan matsa wuya. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya faru babba ne. A hotunan 1966 Iyengar a ƙasa ya yi wannan siffa. Daga baya makarantarsa ta koma jera barguna a ƙarƙashin kafaɗu, kai ya sauka ƙasa da su, kusurwar ta ragu. Wannan gyara ne na gaske, kuma yana nuna cewa shi kansa mai tsarin bai ɗauki hotonsa a matsayin maganar ƙarshe ba.

Haka nan akwai mutanen da wata siffa ba ta dace da su ba komai kyan saitinta. Mai zaizayar ƙashi, wadda ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, sunkuyo mai tsanani yana iya murƙushe masa ƙashin gadon baya. Mai ciwon gilakoma, wanda ake kira hawan jinin ido, tsayuwa a kan kai tana ƙara masa matsin cikin ido. Sannan ga masu gaɓoɓi sakwa-sakwa tun haihuwa, waɗanda gwiwar hannunsu ke lanƙwasawa baya. Su ne taurarin aji, su ake kira gaba a nuna wa saura, su ne kuma suka fi buƙatar a ce musu su tsaya kafin ƙarshe su gina ƙarfi, domin jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa in sun saki ba sa komawa kamar roba.

To, me alƙaluma suka nuna? Masu bincike a Jami'ar Alabama da ke Birmingham sun duba bayanan sassan gaggawa na asibitocin Amurka, suka ƙiyasta raunuka 29,590 masu alaƙa da yoga daga 2001 zuwa 2014. Nau'in da ya fi yawa a cikinsu shi ne targaɗe da jan tsoka, kuma ƙaruwar ta fi yawa a cikin ƴan shekara 65 zuwa sama. In an auna da miliyoyin masu yi, adadin ba abin firgita ba ne, duk da hayaniyar da ta biyo bayan maƙalar William Broad a jaridar New York Times a Janairun 2012 a kan yadda yoga ke iya lalata jiki. Ta ɓangaren amfani kuma, wani gwaji da aka buga a 2011 a kan mutum 228 masu daɗaɗɗen ciwon baya a jihar Washington ya gano cewa ajin yoga ya fi a ba mutum littafi ya kula da kansa, amma bai fi ajin miƙe jiki na yau da kullum ba. Wani gwajin a Boston a 2017, da mutum 320, ya nuna yoga ba ta gaza gashin ƙashi na asibiti ba. Abin da mai hankali zai ɗauka a nan shi ne yoga tana taimako, amma tun da miƙe jiki na gama-gari ya yi abin da ta yi, da wuya a ce sirrin yana cikin digirin da aka ajiye diddige. Motsi a kai a kai, cikin natsuwa, a ƙarƙashin idon mai kula, ya fi kama da inda albarkar take.

Idon mai kular nan shi ne inda aka fi rauni. Ƙungiyar Yoga Alliance ta Amurka, wadda aka kafa a 1999, ita ta yaɗa ma'aunin horar da malami cikin sa'o'i 200, wanda wasu ke kammalawa a wata guda. A cikinsu sa'o'i 20 aka fara ware wa ilimin ƙirar jiki da aikinsa, daga baya aka ƙara zuwa 30. A wannan ɗan lokaci ba a koyon duba jiki, jerin umarni ake haddacewa, domin umarni ya fi sauƙin koyarwa da jarrabawa. Sabon malami yana fita da kalmomin likitoci a bakinsa, yana gaya wa aji cewa in ba a yi kaza ba gwiwa za ta lalace, ya dasa tsoro a zuciyar mutanen da suka zo neman sauƙi. Mai ciwon baya da aka koya wa tsoron sunkuyawa ba a yi masa alheri ba.

Mafi muni shi ne lokacin da umarni ya koma hannu. Idan an yarda cewa akwai siffa guda ingantacciya, kuma malami ne ya san ta, to an ba shi lasisin danna bayan ɗalibi, ko taka cinyarsa, har ya kai shi inda hoto ya ce. Malami ba ya jin abin da ke faruwa a cikin gwiwar wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan iko ya buɗe ƙofar abin da ya fi rauni muni: bayan rasuwar K. Pattabhi Jois (1915-2009), wani babban ɗalibin Krishnamacharya, mata da dama cikin tsofaffin ɗalibansa sun fito fili sun ce ya ci zarafinsu da sunan gyara musu siffa, kuma a 2019 jikansa da ya gaji makarantar ya amsa cewa an yi abin da bai dace ba, ya nemi afuwa. Daga nan makarantu da yawa suka soma neman izinin ɗalibi kafin a taɓa shi.

Masu kare tsohon tsari suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa in an zubar da ƙa'idoji aka ce wa kowa ya saurari jikinsa, an bar sabon shiga a cikin duhu, domin bai san yaren jikin ba tukuna. Gaskiya ne. Jiki magayi ne, amma ba kullum yake magana da wuri ba. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ba shi da jijiyar jin zafi, yana iya cinyewa shekara da shekaru shiru. Jikin da ya yi ɗumi, yana cikin jama'a, ana yaba masa, yakan ɓoye ƙorafinsa sai washegari. Saboda haka mafari yana buƙatar wurin somawa, kuma umarnin saiti wurin somawa ne mai kyau, kamar layukan da ake ja wa yaro a littafin koyon rubutu. Kuskuren shi ne a ci gaba da hukunta babban marubuci da layukan aji ɗaya, ko a ce hannun da bai bi su ba gurgu ne.

Abin mamaki shi ne mafitar tana cikin gidan tun da daɗewa. Shi kansa Krishnamacharya, bayan ya bar Maisur ya koma Madaras, wadda ake kira Chennai a yau, ya sake salon koyarwarsa, ya koma karɓar mutane ɗaya-ɗaya, yana tsara wa kowa abin da ya dace da shekarunsa da lafiyarsa da sana'arsa. Ɗansa T.K.V. Desikachar (1938-2016), wanda injiniya ne kafin ya bi sawun mahaifinsa, a kan wannan ya gina cibiyar da ya kafa a 1976. Su ma tubalan katako da ɗamara da barguna da kujeru na Iyengar shaida ce cewa hannun wani ba zai taɓa ƙasa ba, sai a ɗago masa ƙasar. Tambayar da ya kamata malami ya soma da ita ita ce me ake so wannan siffa ta yi wa wannan mutum: miƙe bayan cinya, ko ƙarfafa ƙugu, ko koyon tsayuwa a ƙafa ɗaya. In an san wannan, wurin ajiye ƙafa zai bayyana, kuma ba lalle ya zama wuri ɗaya ga mutum biyu ba.

Duba wannan ba ya buƙatar na'ura. Malami zai iya sa ɗalibi ya kwanta rigingine ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a hankali, sannan ya tambaye shi inda ya ji motsin ya tsaya. In ya nuna bayan cinya ko ɗuwawu, tsoka ce, akwai sauran tafiya. In ya nuna gaba, a lanƙwasar da ke tsakanin cinya da mara, ya ce kamar ana mintsininsa, sai a ce ya buɗe gwiwar waje kaɗan, wajen hamata, ya sake gwadawa. Sau da yawa mintsinin yakan ɓace, gwiwar ta ƙara matsowa. Wannan ɗalibi, in an zo sunkuyawa daga tsaye ko tsugunno, ƙafafunsa a ware za su kasance, yatsu na ɗan kallon waje, ko da na kusa da shi ya haɗe nasa diddige da diddige.